Tambaya da Amsa: Wai Na'ura Zata Iya Gano Abin da Ke Zuciyar Mutum?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk akan ƙwaƙwalwa ne, musamman hotunan nan masu ɗigon ja da rawaya da ake yawo dasu a Facebook da WhatsApp ana cewa wai ga wurin soyayya, ga wurin tsoro, ga wurin ƙarya. Na zaɓo guda shida, wasu na rage musu tsawo, masu su suyi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Naga wani bidiyo ana cewa yanzu akwai na'urar da in aka saka mutum a ciki zata nuna ko yana sonka da gaske ko yaudara ce, har maƙaryaci ma tana kamawa. Don Allah gaskiya ne? Ni dai akwai wanda nake so a saka min shi a ciki.
Daga wata 'yar uwa

AMSA: 'Yar uwa kin bani dariya, amma ki jingine wannan shirin tukuna. Na'urar kam akwai ta, fMRI ake ce mata, kuma ita ce dai MRI ɗin da ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a asibiti sai dai an sauya yadda ake amfani da ita. Mutum zai kwanta a tura shi cikin wani rami mai zagaye da ƙaton maganaɗisu, wanda aka fi amfani dashi a bincike ƙarfinsa ya ninka na maganaɗisun duniya wajen sau 60,000, ga ƙara sai an toshe masa kunne, a tokare kansa kada ya motsa, sannan akwai ɗan madubi a saman idonsa wanda ta nan yake kallon hotunan da ake nuna masa.

To abinda masu bidiyon basa faɗa shine na'urar bata ganin tunani, ko ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwar ma bata ganin aikinsu kai tsaye, jini take bi. Duk yankin da ya kama aiki jiki yana tura masa ƙarin jini mai iskar oksijin, kuma jini mai oksijin da wanda ya riga ya sauke nasa ba iri ɗaya suke amsa maganaɗisu ba. Wani masani ɗan Japan, Seiji Ogawa, shine ya nuna hakan a 1990 yana aiki a Amurka, kuma a kan ɓeraye ya fara. Jinin nan yana makara, sai yayi daƙiƙa 4 zuwa 6 kafin ya kai ƙarshen cikarsa, alhali su ƙwayoyin jijiya kafin ki ƙifta ido sun aika saƙo sun gama. Kowane ɗan ɗigo kuma da ke jikin hoton faɗinsa milimita 2 zuwa 3 ne, amma a cikinsa akwai ƙwayoyi dubban ɗaruruwa kowacce da abinda take yi. Kamar ki hango hayaƙi ne yana tashi daga wani gida, kin san an hura wuta amma baki san me aka ɗora ba. Launukan ma kwamfuta ce ke shafa su daga baya bayan an gama lissafi, kuma yawanci ba hoton mutum ɗaya bane, na mutane da yawa aka haɗa aka fidda matsakaici.

Maganar soyayya an gwada. A 2005 Arthur Aron da Helen Fisher da abokan aikinsu sun saka mutum 17 da suka ce soyayya ta kama su sosai, ana nuna musu hoton masoyinsu, sai a basu wata babbar lamba suyi ta cire bakwai-bakwai don hankalinsu ya dawo, sannan a nuna musu hoton wani da suka sani kawai. Hoton masoyi ya tada wuraren da ke aiki da sinadarin dofamin, wato wuraren kwaɗayi da neman abu. Amma fa waɗannan wuraren suna tashi in mutum ya ci kuɗi a wasa ko yana jiran wani abin daɗi, kinga in kika saka mutumin naki wurin ya haska, baki da hanyar sanin ke yake so ko wani abu naki.

Ƙarya kuma ta fi wuya. A 2010 wata kotun tarayya a jihar Tenesi ta Amurka taƙi karɓar gwajin fMRI da wani da ake tuhuma da zambar kuɗin inshorar lafiya ya kawo don nuna gaskiyarsa, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tsaya akan hakan a 2012, kuma abin mamakin a cikin gwaje-gwajen nasa akwai wanda ya nuna ƙarya yake, aka ce ai ya gaji ne aka sake, wanda aka sake ɗin ya nuna gaskiya. A 2011 kuma Giorgio Ganis da abokansa sun koya wa mutane su riƙa ɗan motsa yatsan hannu ko na ƙafa a ɓoye lokacin gwaji, sai dacewar na'urar ta faɗo daga kashi 100 zuwa kashi 33.

Sai labarin kifi, wanda ni ina ganin duk mai yaɗa irin hotunan nan ya kamata ya san shi. Wani mai bincike Craig Bennett da abokansa sun saka mataccen kifin salmon a cikin na'urar, suka nuna masa hotunan mutane, suka tambaye shi wai wane irin yanayi mutanen ke ciki, da aka yi lissafi ba tare da tacewa ba sai ga 'yan ɗigo sun haska a kan mushen kifi. Sun gabatar da sakamakon a 2009 don su nuna cewa in kana duba dubban ɗigo lokaci guda dole wasu su haska bisa tsautsayi in baka gyara lissafinka ba. Masana sun ƙara tsaurara lissafi tun daga nan, masu haɗa bidiyo ne dai basu ji ba.

TAMBAYA: Malam wanda muka daɗe tare ya rabu dani, wallahi ƙirjina zafi yake min na gaske ba wasa ba, amma mutane sai suce raki ne. Shin ciwon rabuwa ciwo ne ko ni ce na saka wa raina?
Daga ƙanwarka mai karatu

AMSA: Ƙanwata Allah ya yaye miki, kuma ba raki bane. A 2003 Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis sun saka mutum 13 a na'urar suna wani ɗan wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, an ce musu da wasu mutum biyu suke yi alhali kwamfuta ce kawai. Da farko ana jefo musu, can sai su biyun suka koma jefa wa juna suka share mutumin. Wasan banza, da mutanen da bai taɓa gani ba, amma wani yanki da ke can ciki ta gaban ƙwaƙwalwa wanda aka sani da tashi lokacin da ciwo ke damun mutum sai ya tashi, kuma wanda yafi cewa abin ya ɓata masa rai nasa yafi tashi. A 2011 Ethan Kross yayi wanda yafi kusa da naki, ya samo mutum 40 da aka rabu dasu cikin wata shida ba da son ransu ba, ana nuna musu hoton wanda ya bar su suna tuna abin, wani lokacin kuma a ɗora musu abu mai zafi a hannu, sai aka ga wuraren da suka tashi sun haɗu da yawa.

Sai dai jaridu sun wuce gona da iri da suka ce wai ƙwaƙwalwa bata bambance ƙuna da rabuwa. A 2014 wasu masu bincike, Choong-Wan Woo da Tor Wager da sauransu, sun duba tsarin ɗigon dalla-dalla suka ga ko a cikin yanki ɗaya zanen ciwon jiki daban na rabuwa daban, kwamfuta ma tana iya raba su. Ni dai a ganina ba sai hoto ya shaida ba kafin a yarda kina jin zafi, kin faɗa ya isa.

Zaki iya cin karo da labarin wai farasitamol yana rage zafin rabuwa, eh anyi ƙaramin bincike a 2010 inda mutane suka sha na sati uku, amma don Allah kada ki kama shan sa saboda wannan, yawansa yana lalata hanta. Kuma in zafin ƙirjin yazo da ƙarancin numfashi ko zufa ko yana tafiya zuwa hannu, asibiti zaki je nan take, don akwai wani ciwon zuciya na gaske da tashin hankali mai tsanani ke jawowa wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, ya fi kama mata masu shekaru amma ba'a wasa dashi. In kuma barci da cin abinci sun gagara sati da sati, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya bane.

TAMBAYA: Malam ni matsalata in abokina ya samu ci gaba sai inji wani abu ya tokare min rai, in ya samu matsala kuma, Allah ya yafe min, sai inji sanyi-sanyi. Bana so amma haka nake ji. Halitta ce?
Daga wani ɗan uwa

AMSA: Ɗan uwa da yawa suna ji, kaɗan ne zasu rubuto. A 2009 Hidehiko Takahashi da abokansa a Japan sun ba ɗalibai 19 labari su karanta a cikin na'ura, kowa ya ɗauka shine ɗalibi mai matsakaicin ƙoƙari a labarin, sannan ga wani ɗan ajinsu jinsinsu ɗaya burinsu ɗaya amma ya fi shi komai. Yankin nan na damuwar ciwo da na ambata a sama ya tashi, kuma ya fi tashi in wanda ya fi su ɗin irinsu ne, wanda hanyarsa daban ko ya yi nasara bai dame su sosai ba, shiyasa abokinka ne ke tokare maka rai ba wani attajirin wata ƙasa ba. Da aka ci gaba da labarin masifa ta faɗa wa gwanin, sai wurin jin daɗin lada, wato wurin da ke tashi in mutum ya samu abin da yake so, ya tashi, kuma wanda hassadarsa tafi ƙarfi a farko shine daɗinsa yafi yawa a ƙarshe.

Akwai na Tania Singer a Landan a 2006, mutum 32 rabi maza rabi mata, suka yi wasan kuɗi da wasu mutum biyu da aka shirya, ɗaya yayi adalci ɗaya yayi ta cuta, sannan suna cikin na'urar suka kalli ana ɗana wa kowanne cikin biyun lantarki mai zafi a hannu. Mai adalci kowa ya tausaya masa. Macucin kuma matan sun ɗan tausaya, mazan tausayinsu ya ragu sosai har wurin lada ya motsa. Kafin mata su fara murna, mutum 16 ne kacal a kowane ɓangare, ba'a yanke wa rabin duniya hukunci da wannan. Wani babban nazari da ya fito a mujallar Nature a 2022 ma cewa yayi in ana son danganta bambancin halin mutane da hoton ƙwaƙwalwa ana buƙatar dubban mutane, alhali yawancin binciken da aka saba yi wajen mutum 25 ne.

Amma kalmar halitta da ka kawo, kada ka fake da ita. Duk abinda kake ji ko ka koya ko ka saba dashi dole ya bayyana a ƙwaƙwalwa, to ina zai bayyana in ba can ba? Ganinsa a hoto baya nufin da shi aka haife ka ko bazai canza ba. Abin yana tasowa ba da izininka ba, wannan gaskiya ne, amma kiran abokin kayi masa murna ko ka rufa masa asiri ran da ya faɗi, wannan a hannunka yake.

TAMBAYA: Gaskiya ne kashi 10 kawai na ƙwaƙwalwa muke amfani dashi?
Daga wani ɗalibi

AMSA: A'a ɗalibi, sam. Ƙwaƙwalwa wajen kashi 2 ce na nauyin jiki amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma ko barci kake tana aiki. Wuraren da ka gani babu launi a hoto ba hutawa suke ba, aikinsu ne bai bambanta ba tsakanin abubuwa biyun da aka kwatanta.

TAMBAYA: Ɗana, ni tun ina yaro bana gane fuskar mutane. Sai mutum ya gaishe ni mun sha zama tare amma sai yayi magana nake gane shi ta murya. An sha ce min mai girman kai. Idona kuma lafiya lau, ina karatu ba tabarau.
Daga wani dattijo

AMSA: Baba ina gaisuwa. Abinda kuka kwatanta yayi kama da wani yanayi da likitoci suka sani, makantar fuska, wani likitan Jamus Joachim Bodamer ne ya sa masa suna a 1947, kuma ana ƙiyasta kusan mutum 2 cikin 100 da shi suke tasowa, da yawansu basu ma san suna dashi ba don sun ɗauka kowa haka yake. Ido yana ganin hanci da baki da gira tsaf, haɗa su wuri ɗaya su zama wane shine ke gagara.

A 1997 Nancy Kanwisher ta nuna da fMRI cewa akwai wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa ta baya, yafi ƙarfi a ɓangaren dama, da ke tashi in an ga fuska fiye da in an ga gida ko hannu ko kayan aiki. Nan kam ba hoto kaɗai aka dogara dashi ba, shiyasa na fi yarda da wannan sakamakon akan na soyayya da hassada. A 2012 a jami'ar Stanford likita Josef Parvizi yana da majinyaci mai farfaɗiya da aka saka wa wayoyi a kan ƙwaƙwalwa don neman inda ciwon ke tasowa, biyu daga cikin wayoyin suka dace da wannan yankin, da aka tura ɗan lantarki mutumin yana kallon likitan sai yace fuskar likitan ta sauya ta koma ta wani, amma rigarsa da sauran ɗakin basu canza ba, ana ɗauke lantarkin fuskar ta dawo.

Babu maganin sha, dabaru ne irin wanda kuke yi, murya, tafiya, tsayi, inda aka saba haɗuwa. Shawarata ku faɗa wa na kusa daku a fili, su riƙa ambatar sunansu in sun gaishe ku, zargin girman kan zai ragu. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da yawa masu wannan yanayin suna gane fushi da murna a fuska lafiya lau, mai fuskar ne basa ganewa. Tunda ku tun yarinta ne hankali kwance, amma wanda abin ya same shi rana tsaka ya garzaya asibiti don yana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki.

TAMBAYA: Malam ni matsoraci ne na ƙarshe. Naji ance akwai wata tsoka a ƙwaƙwalwa da in babu ita mutum baya tsoro. Ana cirewa?
Daga mai bibiyarku kullum

AMSA: Amigdala kake nufi, guda biyu ne ƙanana, ɗaya a kowane ɓangare can ciki daidai saitin kunne, kuma babu likitan da zai cire maka su saboda tsoro. Akwai wata mata a Amurka da masana ke kira S.M. don ɓoye sunanta, wata cuta ta gado da ba kasafai ake samu ba ta lalata mata duka biyun, masu bincike na jami'ar Ayowa sun shafe shekaru suna nazarinta. A rahoton 2011 sun kai ta shagon dabbobi, matar da ke cewa ta tsani maciji sai gata ta ɗauki ɗaya tana shafa shi har tana taɓa harshensa, sai da aka hana ta taɓa wani ƙaton gizo-gizo mai dafi. An taɓa ɗora mata wuƙa a wuya da dare a wani wurin shaƙatawa, ta tafi abinta a hankali ba gudu, washegari ta sake bi ta wurin. Kaga wannan ba jarumta bace, rashin ƙararrawa ne, kuma ya sha jefa ta cikin haɗari.

Akwai abinda yafi bani mamaki a lamarinta. Bata iya gane tsoro a fuskar mutum a hoto, aka daɗe ana cewa ai wurin gane tsoron ne ya mutu, sai a 2005 Ralph Adolphs ya bi inda idonta ke sauka ya ga bata kallon idon mutane sam, tsakiyar fuska take kallo, da aka ce mata kalli idanun sai ta gane tsoron daidai da kowa, da aka daina tuna mata ta koma gidan jiya. Wato amigdala tana nuna wa mutum inda ya kamata ya sa hankali ne, shiyasa a hoto take tashi ga abin mamaki da sabon abu har da abin daɗi ma, ba tsoro kaɗai ba.

Sannan a 2013 aka shaƙa mata iska mai kashi 35 na kabon dayoksaid, wadda ke sa jiki yaji kamar ana shaƙe shi duk da ba haɗari a shaƙa ɗaya. Kowa ya ɗauka ko gezau bazata yi ba, sai gata ta firgita tana neman a cece ta tana kai hannu ga abin da aka rufe mata hanci dashi, tace tun girmanta bata taɓa jin irin wannan ba. Wasu tagwaye mata masu irin cutarta suma haka suka firgita, alhali cikin masu lafiya 12 da aka gwada uku ne kawai abin ya kai su haka. To ko da an cire maka, tsoron da ke tasowa daga cikin jiki yana da wata hanyar.

In tsoron naka ya kai yana hana ka fita ko aiki ko barci, abinda aka tabbatar yana aiki shine likitan halayya ya riƙa kusanta ka da abin da kake tsoro kaɗan-kaɗan, mataki bayan mataki, har jikinka ya koyi cewa ba abinda zai faru, wani lokacin a haɗa da magani. Ka rubuto min me kake tsoro takamaimai, don na tsayi daban, na shiga taro daban, na wanda ke faɗo wa mutum haka kawai da bugun zuciya shima daban ake bi dashi.